FASHIN BAƘI: Me ya sa haddar nahawun Turanci ba ta gyara rubutun ɗaliban ƙasar Yauri?

A watan Nuwamban 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjar da ya kafa ita ce yawan faɗuwa a jarabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi koyarwa da harshen gida fiye da kima. Manufar da aka soke ba ta cika shekara uku cur ba. Tsohon minista Adamu Adamu ne ya sanar da ita a ƙarshen Nuwamban 2022, kuma tun a lokacin ya amsa cewa ba za ta kankama sosai ba sai an samar da littattafai da malaman da suka ƙware.

Muhawarar da ta biyo baya ta rabu gida biyu kamar yadda aka saba. Wasu na cewa an yi wa harsunan gida kisan mummuƙe, wasu na cewa gara a jefa yaro cikin Turanci tun yana ƙarami domin da shi zai ci jarabawa, da shi zai nemi aiki. Sai dai duk ɓangarorin biyu sun tsallake tambayar da ta fi damun ɗalibin da ya riga ya shiga kwaleji ko jami'a: yaya aka yi mutum ya shafe shekara 12 ana koya masa Turanci, ya haddace sassan jimla da ƙa'idojinsu, ya samu kiredit, amma in aka ce ya rubuta shafi biyu da zai kare wani ra'ayi sai alƙalami ya yi masa nauyi? Akwai fannin ilimi sukutum da ya daɗe yana nazarin wannan tambaya, wato kimiyyar harshe ta aikace, kuma ƙasar Yauri na daga cikin wuraren da amsarsa ta fi fitowa fili.

Wane ne harshen uwa a bakin tafki?

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku a kudancin Jihar Kebbi: Yauri mai hedikwata a Yelwa, Ngaski mai hedikwata a Wara, da kuma Shanga. Baƙon da ya sauka a kasuwar Yelwa zai ji Hausa ta ko'ina, har ya ɗauka ita ce harshen kowa. Ba haka abin yake ba. Akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe. Akwai Kambari da rassansu, musamman a ƙasar Ngaski. Akwai Shangawa, Dukawa, Lopawa, Fulani, ga Sarkawa masunta, ga Nufawa da Yarbawa da fatauci da kamun kifi suka kawo tun da daɗewa. Masana sun sanya Tsureshe da harsunan Kambari cikin rukunin da suka raɗa wa suna harsunan Kainji. Shanganci kuwa daga wani gida daban ya fito, dangin harsunan Mande ne, ɗan'uwan Busanci, kuma masu jin sa sun ragu ƙwarai domin mafi yawan Shangawa sun koma Hausa.

Madatsar ruwan Kainji da aka kammala a 1968 ta ƙara wa wannan sauyi gudu. Tafkin da ta haifar ya haɗiye tsibirai da garuruwan bakin kogi, har da tsohuwar Busa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Al'ummar da ruwa ya killace a gungu tana riƙe harshenta cikin sauƙi. Da aka dawo da ita tudu, kusa da hanya da kasuwa da makaranta, sai Hausa ta samu ƙofa.

Abin da wannan ke nufi a aji shi ne, yaro daga ƙauyen Kambari a Ngaski na iya tasowa da harshen gidansu, ya tsinci Hausa a kasuwa da makarantar allo, ya haɗu da Larabcin karatu, sannan Turanci ya zo masa a matsayin na uku ko na huɗu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta hango wannan, shi ya sa ta ce a koyar a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da al'ummar wurin ke hulɗa da shi. A Yauri wannan harshen hulɗa Hausa ce. Masu fafutikar harshen uwa daga Kano da Sakkwato sukan manta cewa ga ɗan Bagunge ko ɗan Bakambare, koyarwa da Hausa sauƙi ce a kan Turanci, amma ba harshen mahaifiyarsa ba ce. Masu murnar komawa Turanci zalla su ma sukan manta cewa malamin da ke gaban allo, in ya ga idanun yara sun yi fari, dole ya juya bayanin da Hausa, ko da takardar manufa ta hana.

Ƙofar da kowa sai ya bi

Ko ɗalibi zai nufi kwalejin share fage ta COBAS da ke Yelwa, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar jiha da ke Aliero, ko ya tsallaka Sabuwar Busa a Jihar Neja zuwa kwalejin koyon aikin kifi, Turanci na tsaye a bakin ƙofa. Kiredit ɗinsa wajibi ne ga shiga jami'a. A jarabawar JAMB shi ne darasin da ke kan kowa, kuma tambayoyinsa 60 ne, alhali sauran darussa 40-40 ne. Bayan an shiga, sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta ajiye kwas ɗin GST 111, na sadarwa da Turanci, ga duk ɗan aji ɗaya.

Ya kamata a duba abin da waɗannan jarabawowi ke aunawa. A WAEC ana buƙatar insha'i mai kalmomi kusan 450, mai maki 50. Yadda ake raba makin abin lura ne: 10 ga ƙunshiya, 10 ga tsari, 20 ga iya bayyana magana, 10 kacal ga tsabtar nahawu da ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Ke nan kashi huɗu cikin biyar na makin yana kan tunani da tsara shi da zaɓen kalma. Amma a ajujuwa da darussan ƙarin karatu, lokaci ya fi tafiya kan cike gurbi da zaɓen amsa daga cikin huɗu, domin su ne masu saurin dubawa. Har furuci ma a takarda ake jarraba shi, ɗalibi ya zaɓi kalmar da wasalinta ya yi daidai da wata ba tare da ya buɗe baki ba. A jami'o'i da dama jarabawar GST ita ma ta koma ta kwamfuta, saboda malami ɗaya ba zai iya duba rubutun ɗaruruwan ɗalibai ba. Mutum na iya cin kwas ɗin sadarwa bai rubuta sakin layi ɗaya da wani ya karanta ya gyara masa ba.

Su kansu alƙaluman jarabawar da ake kafa hujja da su suna buƙatar taka-tsantsan. A ƙarshen Mayun 2025 an samu jinkiri a takardar Turanci ta WAEC har ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta ta da dare da hasken tocila. Da sakamako ya fito a watan Agusta, hukumar ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta amsa cewa an yi kuskure wajen duba tambayoyin zaɓen amsa, adadin ya koma kashi 62.96. Haka nan, wanda ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare ne a wajajen 2019, shekara uku kafin a sanar da manufar 2022. Ana iya ɗora wa tsohuwar manufar 1977 wani laifi in akwai hujja, amma manufar da aka soke ba ta taɓa waɗannan ɗalibai ba. A ƙasar Yauri kuma akwai abin da ya fi harshe cin kwanakin karatu. Harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yunin 2021, inda aka sace ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023, ya isa misali.

Kuskure yana da asali

Kimiyyar harshe ta aikace ita ce amfani da abin da aka sani game da ginin harsuna domin warware matsaloli na zahiri, kamar koyarwa, fassara, tsara jarabawa da tsara manufar harshe. A 1957 wani masani a Amurka, Robert Lado, ya yaɗa ra'ayin cewa in aka jera harshen ɗalibi da harshen da yake koyo aka kwatanta su, za a iya hango inda zai yi tuntuɓe. In aka jera Hausa da Turanci, abubuwa da dama na bayyana.

A Hausa lokaci yana rataye ne a jikin ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau. Muna cewa ya sayar, zai sayar, yakan sayar, aikatau bai motsa ba. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake murɗawa, "sell" ya koma "sold". Kazalika Hausa ba ta yarda a ce "Audu tafi" ba, sai an ce "Audu ya tafi". Ɗalibin da ya rubuta "My father he sell fish" bai rubuta shirme ba. Jimlar Hausa ce lafiyayya ya sanya wa rigar Turanci. Haka abin yake ga "the man that I gave him money", wadda ita ce "mutumin da na ba shi kuɗi" kalma da kalma, domin Hausa tana maimaita wakilin suna a inda Turanci ke barin gurbi.

Ƙananan kalmomin nan biyu, "a" da "the", su ne suka fi daɗewa suna wahalar da mai Hausa, har da masu digiri na biyu. Hausa na da hanyarta ta nuna abin da aka riga aka sani, ta hanyar liƙa -n ko -r a ƙarshen suna, jirgi ya zama jirgin, kasuwa ta zama kasuwar. Amma ba ta tilasta wa kowane suna ya ɗauki alama ba. "Na sayi taru" ta wadatar. Turanci kuwa ba ya barin suna tilo da ake iya ƙirgawa ya tsaya shi kaɗai. Sai kuma kalmomin da Hausa ta tara wa ma'anoni da yawa. Da "ji" muke jin magana, da ƙamshi, da zafi, da harshe. Da "sha" muke shan ruwa da magani da wahala. "Ara" tana aiki ga mai bayarwa da mai karɓa, gwargwadon yadda aka gina jimlar, shi ya sa "borrow me your pen" ta zama ruwan dare. Har amsar tambayar korewa ta bambanta. In aka ce "ba ka zo ba?" Bahaushe zai ce "e", yana nufin haka ne, ban zo ba. Baturen Ingila "a'a" zai ce a daidai wannan wuri.

A nan ne ajin Yauri ya bambanta da na Kano. Hausa tana rarrabe namiji da mace sosai, shi da ita, kai da ke, saboda haka ɗan Hausa bai cika rikita "he" da "she" a kan mutane ba. Matsalarsa ita ce ya kira gwamnati ko mota "she" domin a Hausa mata ne. Harsunan Kainji kuwa suna raba sunaye ne aji-aji da ɗafi a farkon kalma, kamar yadda ake gani a Bareshe da Tsureshe, ba bisa namiji da mace ba. Yaron da ya taso da irin wannan harshe shi ne ya fi yiwuwa ya rubuta "my mother, he". Harsunan Mande, dangin Shanganci, suna sanya abin da aka aikata wa aiki kafin aikatau, saɓanin Hausa da Turanci. Yara uku a benci ɗaya na iya yin kurakurai uku masu tushe daban-daban, amma jan biro ɗaya ne ke bi ta kansu. Malamin da bai san wannan ba kamar mai chemist ne da ke ba kowane mai zazzaɓi ƙwaya iri ɗaya.

Sai dai ra'ayin Lado ya wuce gona da iri, kuma masana sun gane haka. A 1967 Pit Corder na Jami'ar Edinburgh ya nuna cewa kuskuren ɗalibi shaida ce ta ƙa'idar da ya gina a kansa, kuma da yawa daga cikin kurakuran ba daga harshen uwa suke ba. Wanda ya rubuta "goed" ya koyi ƙa'idar lokacin da ya wuce, ya dai shimfiɗa ta inda ba ta kai ba. "Informations" da "equipments" ana samun su a rubutun ɗaliban Legas da na Indiya. A 1972 Larry Selinker ya ba wannan matakin suna, wato harshen tsaka-tsaki da ɗalibi ke ratsawa kafin ya ƙware, ya kuma yi gargaɗin cewa wasu kurakuran na daskarewa in aka daɗe ba a taɓa su ba. Wannan daskarewar ce malaman jami'a ke karo da ita a kundin kammala digiri.

Shin koyar da nahawu na gyara rubutu?

Amsar da bincike ya bayar ba za ta yi wa masu son haddar ƙa'idoji daɗi ba. A 1963 wani rahoto da Richard Braddock da abokan aikinsa suka haɗa wa ƙungiyar malaman Turanci ta Amurka ya kammala da cewa koyar da nahawu shi kaɗai, a ware daga rubutu, amfaninsa kaɗan ne, yana ma iya cutarwa domin yana cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa kan matasa, suka sake samun haka, amma suka ga cewa atisayen haɗa gajerun jimloli su zama guda ɗaya yana inganta rubutu. A 2012 kuma Debra Myhill da tawagarta a Jami'ar Exeter ta Ingila sun nuna cewa nahawu na taimakawa in an koyar da shi a cikin rubutun da ɗalibi ke yi, a matsayin zaɓi tsakanin hanyoyin faɗin magana.

Akwai togiya mai muhimmanci. Mafi yawan waɗannan bincike an yi su ne a kan yaran da Turanci ne harshen gidansu, waɗanda suka zo aji da nahawun a bakinsu. Ɗan Wara bai zo da shi ba. Ga mai koyon harshe na biyu, nazarin da John Norris da Lourdes Ortega suka wallafa a 2000 ya nuna cewa bayyana ƙa'ida ƙarara yana da amfani. Saboda haka ba a ce a jefar da nahawu ba. Abin da hujjoji suka haɗu a kai shi ne, ƙa'idar da aka haddace domin cike gurbi ba ta bin ɗalibi zuwa takardarsa, sai wadda ya yi aiki da ita a jimlar da shi ya ƙirƙira.

Ga misali daga bakin tafki. A ba ɗalibi jimloli biyu: masunta sun yawaita amfani da taru mai ƙananan idanu, kifi ya ragu. In ya haɗa su da "after", ya ce wannan ya faru bayan wancan, bai zargi kowa ba. In ya haɗa su da "because", ya ɗora laifi, kuma dole ya kawo hujja. In ya ce "may have contributed to", ya nuna akwai alaƙa amma ya bar ƙofa ga wasu dalilai, kamar yanayin ruwa ko yawan masunta. Zaɓen mahaɗi ɗaya ya sauya abin da marubucin ke iƙirari. Wannan shi ne nahawun da rubutun jami'a ke buƙata, kuma ba a auna shi da zaɓen A ko B.

Matasa masu bibiyar siyasa sun san wani misalin ko da ba su san sunansa ba. Sanarwar gwamnati ta ce "funds were released", ba ta faɗi wanda ya saki kuɗin ba, ba ta faɗi wanda ya karɓa ba. Hausa na da irin wannan mafaka, ita ce "an": an saki kuɗi, an bayar da kwangila, an samu kuskure. Ɗalibin da aka nuna wa cewa ginin Turancin nan da "an" ta Hausa aiki ɗaya suke yi, na ɓoye mai aikatawa, ya fahimci darasin cikin minti biyar, kuma ya samu makamin karanta kasafin kuɗi. Wanda aka sa ya juya jimloli 20 daga wannan siga zuwa waccan ba tare da an gaya masa amfaninsu ba, ya samu makin gwaji kawai.

Turancin hira da Turancin takarda

Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya rarrabe tun a ƙarshen shekarun 1970 tsakanin harshen hira da harshen karatu. Yaro na iya kama na farko cikin kimanin shekara biyu in yana cikin masu magana da shi, amma na biyu yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wannan ne ya sa ake ganin matashi yana zuba Turanci a Facebook da TikTok, amma rahoton gwajin kimiyya ya gagare shi. Cummins ya kuma nuna cewa gwanintar karatu da tsara tunani da aka samu a harshe ɗaya tana ƙetarawa zuwa wani. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne na ƙwararrun malaman da littattafan da aka tanada.

Rubutun manyan makarantu kuma yana da al'adunsa da ba a haifi kowa da su ba, ko ɗan Landan. Sakin layi ɗaya, magana ɗaya. A faɗi matsaya tun da wuri, a kawo hujja, a ambaci wanda aka ɗauko daga wurinsa, a amsa wa mai ja. Balagar Hausa ta zaure, wadda ke fara da doguwar shimfiɗa da girmamawa kafin a iso ga batu, tana da kyau a muhallinta, amma mai duba kundi yana neman batun a layin farko. Ga kuma cutar dogon Turanci, inda ɗalibi ke ɗauka cewa kalma mai gaɓa biyar ta fi mai gaɓa ɗaya daraja. Idan waɗannan suka taru a kan wanda ba a taɓa koya masa ba, mafita mafi kusa ita ce kwafe tsohon kundi daga shagon kwamfuta, ko a yanzu a sa ChatGPT ya rubuta. Jimlolin za su fito sumul, amma ranar kare kundi ɗalibin ba zai iya bayanin shafinsa na uku ba.

Ba kuma kowane bambanci ne kuskure ba. Tun 1971 Farfesa Ayo Banjo ya rarraba Turancin Najeriya mataki-mataki, Farfesa Munzali Jibril ya yi nazarin furucinsa har da na 'yan Arewa, David Jowitt kuma ya fitar da littafi kan yadda ake amfani da shi a 1991. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da Kannywood da okada. Aikin malami shi ne ya nuna wa ɗalibi inda "next tomorrow" ke karɓuwa da inda za ta jawo masa asarar maki, ba ya sa shi jin kunyar bakinsa ba.

Wa ke da alhaki?

Sauya harshen koyarwa da sanarwa ɗaya abu ne mai arha. Abin da ke da tsada shi ne malamin Turanci da ya iya Turancin, ya san ginin Hausa, ya kuma san cewa wasu daga cikin yaransa ba da Hausa suka fara magana ba. Irin wannan malami daga kwalejojin ilimi yake fitowa, kuma takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Sai kuma yawan ɗalibai. Malamin da ke da aji huɗu, kowanne da yara 70, in ya ba da insha'i ɗaya a mako, takardu 280 ke jiran sa. In ya ba kowace minti biyar, ya haura awa 23. Wannan lissafin ne ke kashe darasin rubutu, ba harshen Kambari ko Hausa ba.

Akwai abin da ɗalibi zai iya yi kafin gwamnati ta motsa. Ya ajiye littafin kurakuransa, ya rarraba su gida-gida, domin yawanci iri uku ne ko huɗu ke maimaituwa. Ya riƙa tsara hujjarsa da Hausa ko harshen gidansu kafin ya zuba ta a Turanci, amma ya fassara ma'ana, ba kalmomi ba. Ya ba aboki ya karanta, ya tambaye shi abin da ya fahimta, sannan ya sake rubutawa. Ya kuma karanta dogon rubutu, ko da rahoton jarida ne, yana lura da yadda aka ɗaure jimla da jimla.

Ga ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan Yauri, Ngaski da Shanga kuwa, akwai darasin rubutu da ya fi na aji amfani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi jihohi. Ana iya rubuta wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kebbi da Ma'aikatar Ilimi a tambayi adadin malaman Turanci masu takardar ƙwarewa a kowace makaranta ta ƙananan hukumomin uku, da adadin ɗaliban da kowannensu ke koyarwa, da ranar da aka yi musu horo na ƙarshe. Ana iya tambayar hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, nawa ta kashe kan makarantun garuruwan bakin tafki, a kuma nemi sunayen makarantun ɗaya bayan ɗaya.